Amsa ga mai tambaya kan yaren 'yan katako: tu-bai-fo, kibik, sof wud da sauransu

Wa alaikumus salam malam. Na ga tambayarka, ka ce gininka ya kai linta za a ɗora rufi, kafinta ya rubuto maka takarda cike da su tu-bai-fo, tu-bai-tiri, falin, nogin, fesha-bod, ka shiga 'yan katako wannan ya ce maka sof wud wancan ya ce had wud wani kuma yana maka lissafi da kibik, ka koma intanet ka duba sai ka tarar abin da Turawa ke nufi da kalmomin ba shi aka gaya maka a kasuwa ba, shi ne kake so a warware maka, kuma ka ce kana tunanin nan gaba ka sa ɗan jari a harkar. Toh zan amsa maka gwargwadon abin da na sani, na yi karatun gandun daji kuma na daɗe ina hawa da sauka tsakanin inda ake yankan katako a kudu da kasuwanninmu na nan, don haka sai ka yi haƙuri amsar za ta ɗan yi tsawo.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne a wannan sana'ar suna daban kaya daban. Kusan duk kalmar da za ka ji a bakin ɗan katako laƙabi ne na kasuwa, ba awo ba ne kuma ba sunan bishiya ba ne, kai ne za ka bi bayan sunan ka gano me aka sa maka a mota.

Mu fara da awo tunda shi ne a takardarka. Tu-bai-fo inci 2 ne a kauri inci 4 a faɗi, tu-bai-tiri 2 da 3, tu-bai-tu 2 da 2, tu-bai-sikis 2 da 6, shi kuma wanda muke ce wa falanki galibi wan-bai-tuwel ne, kauri inci 1 faɗi inci 12. Tsawon da aka saba a kasuwannin Najeriya ƙafa 12 ne, in kana son wanda ya fi haka kamar ƙafa 16 ko 18 sai ka faɗa tun farko kuma kuɗinsa ba ɗaya ba ne. Wannan a baki ke nan. Amma ka ɗauki tef ka je Na'ibawa ko Rijiyar Lemo a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, ka auna tu-bai-fo guda 10 daga tari daban-daban, da wuya ka samu biyu da suka yi daidai da juna, wani inci 1 da kwata 3 ne da 3 da rabi, wani ma bai kai haka ba. Dalilan guda uku ne kuma ba duka ne ha'inci ba. Na farko bakin zarto yana cin nasa, duk inda ya ratsa sai ya mayar da wani abu gari, zarton somil, wato masana'antar yankan katako, mai kama da bel yana cin milimita 2 zuwa 3, shi kuwa injin hannu da ake shiga daji da shi, censo, yana iya cin milimita 8 ko fiye a yanka ɗaya kuma hannun mutum ba ya tafiya a miƙe kamar inji. Na biyu katako yana motsewa in ya bushe. Na uku shi ne na gangan, a sake tsaga katako a kasuwa yadda abin da ya kamata ya ba da guda 3 zai ba da 4. Shi ya sa za ka ji ana cewa ful sayis da kuma onda sayis, wato cikakke da wanda aka rage, kuma farashinsu daban.

Kar ka raina rabin incin nan wallahi. Tu-bai-fo cikakke in ka ninka 2 da 4 ka samu 8, wanda ya koma 1 da kwata 3 da 3 da rabi kuwa 6 ne da ɗan ɗoriya, ka ga kusan kashi 1 cikin 4 na itacen da ka biya ya tafi. Kuma ƙarfin katako wajen ɗaukar nauyi ba ya raguwa daidai da yadda aka rage shi, ya fi haka saurin faɗuwa, domin tsayinsa in an kafa shi a kan gefe shi ake ninkawa da kansa a lissafi, daga inci 4 zuwa 3 da rabi kaɗai ya isa ya cinye kusan kwatan ƙarfinsa tun kafin a zo maganar kauri. Wannan ne ma ya sa ake kafa rafta a kan siririn gefenta ba a kwantar da ita a kan faɗi ba. Duk rufin da ka gani ya lotsa a tsakiya kamar bayan tsohon jaki, in ka hau ka duba ko dai onda sayis ne ko ɗanyen katako ko an buɗa tazara don a rage guda.

Abin da ka karanta a intanet cewa tu-bai-fo inci 1 da rabi ne da 3 da rabi gaskiya ne amma na Amurka ne. Su can ƙa'ida ce rubutacciya, an busar an goge fuska huɗu sannan ya tsaya a wannan awon, milimita 38 da 89, duk shagon da ka shiga haka za ka same shi kuma injiniya da wannan awon yake lissafi. Mu namu ba gogagge ba ne, yadda ya fito daga bakin zarto haka ake sayarwa, don haka kar wani ya kafa maka hujja da na Amurka ya ba ka ragagge.

Sai kibik. Wannan na fi so ka gane shi sosai tunda kana son shiga kasuwancin, domin da shi manya ke ciniki. Kibik ɗaya a bakin mutanen somil yana nufin ƙafa 1 tsawo ƙafa 1 faɗi ƙafa 1 tsayi na itace. Abin da ya sauƙaƙa lissafin shi ne falanki ɗaya, inci 1 da inci 12 da ƙafa 12, kibik 1 ne cif. Daga nan komai sai ya fito, indai tsawon ƙafa 12 ne ka ninka kauri da faɗi ka raba da 12. Tu-bai-sikis kibik 1, tiri-bai-fo kibik 1, tu-bai-tuwel kibik 2, tu-bai-tiri rabi, tu-bai-tu kashi 1 cikin 3, tu-bai-fo kashi 2 cikin 3. A ce misali kafintanka ya rubuta tu-bai-fo 150, tu-bai-tiri 200, tu-bai-tu 120, na farko kibik 100, na biyu 100, na uku 40, jimla 240. Da wannan za ka iya gane ko farashin da aka ba ka a kan guda ya yi daidai da juna, in tu-bai-tiri guda 2 sun fi tu-bai-sikis guda 1 araha da nisa alhali itace iri ɗaya ne, toh ka fito da tef. Kamfanoni da masu fitarwa waje su da kibik mita suke aiki, kibik mita 1 kuwa ya kai kibik ƙafa 35 da ɗigo 3, ka ga 240 ɗin nan bai cika kibik mita 7 ba. In mutum ya ce maka kibik kawai ka tambaye shi na ƙafa ko na mita, na taɓa ganin ciniki ya watse an kai ga rantse-rantse a kan wannan kalma ɗaya, kowa a cikinsu yana da gaskiya a nasa lissafin. Bod fut da ka gani shi ma na Amurka da Kanada ne, inci 12 da inci 12 da kaurin inci 1, guda 12 ɗinsa ke yin kibik ɗinmu ɗaya, ba ruwanka da shi sai in za ka yi hulɗa da su.

Gungume kuma, wato bishiyar da aka sare ba a tsaga ba, nasa awon daban. Akwai tsohon lissafi da muka gada daga Ingila mai suna Hofus, sunan wani Bature ne Edward Hoppus da ya fitar da jadawalinsa a 1736. Ana zagaya tsakiyar gungumen da tef, a raba abin da aka samu gida 4, a ninka shi da kansa, a ninka da tsawo a ƙafa, a raba da 144. Gungume mai zagayen inci 80 da tsawon ƙafa 12 zai ba ka 33 da ɗoriya, alhali ainihin itacen da ke jikinsa ya haura kibik 42. Ba kuskure ba ne, da gangan aka yi shi haka, an cire wa mai saye kusan kashi 1 cikin 5 saboda abin da zai zube in an mayar da zagayayye mai kusurwa huɗu. Kuma a aikace ma asarar takan fi haka, somil da yawa da ƙyar suke fitar da rabin gungume a matsayin katako, sauran ɓawo ne da ofkot, wato guntayen da suka rage, da garin katako, wanda masu kaji ke saye su shimfiɗa, masu gidan burodi kuma su kwashi ofkot.

Yanzu ga inda aka fi rikita mutane, sof wud da had wud. A ilimin itace wannan rabon ba shi da alaƙa da tauri ko laushi duk da sunan ya nuna haka. Sof wud shi ne itacen bishiyoyi masu ganye kamar allura irin su fayin, na ƙasashen sanyi, had wud kuma na bishiyoyi masu faffaɗan ganye da fure. A wannan ma'anar kusan duk abin da ke kasuwarmu had wud ne, har da obece da rimi waɗanda za ka iya lotsa su da farce. Amma a kasuwa ba haka ake nufi ba, in ɗan katako ya ce sof wud yana nufin fari mara nauyi mai araha, had wud kuma mai nauyi mai jure gara, wasu ma ba sa wahalar da kansu sai su ce farin katako da jan katako. Duka biyun daidai ne a muhallinsu, matsalar ita ce kalmar had wud a kasuwa buhu ce da ake zuba komai a ciki, itace iri goma za su iya shiga ƙarƙashinta. Kai dai ka ce wace bishiya ce.

Obece shi ne sarkin fararen, Yarbawa na ce masa arere, a Kamaru ayus, a Kwaddibuwa samba, a Gana kuma wawa, in ka ji ɗan Kumasi ya ce zai kawo maka wawa katako yake nufi. Kibik mita ɗinsa busasshe bai cika kilo 400 ba, yana da daɗin aiki, ba ya tsagewa in an buga ƙusa, amma gara da ƙwaron da ke mayar da katako gari suna son sa ƙwarai kuma in ya sha damshi sai ya yi shuɗi-shuɗi. Na cikin kujera ne da silin da abin da ba zai ga ruwa ba. Afara iri biyu ce, fara da baƙa, baƙar ita ce idigbo kuma ta fi farar jurewa. Rimi da 'yan kudu ke kira araba na zuba kankare ne a yi amfani da shi a cire, kar ka yarda ya hau rufinka. Malaina ba ma bishiyarmu ba ce, daga wajen Indiya aka kawo ta aka dasa da yawa a dazukan Omo da Oluwa a jihohin Ogun da Ondo don ta ciyar da masana'antun takarda irin na Jebba da Iwopin da Oku Iboku, da masana'antun suka durƙushe sai ta dawo kasuwar katako, yanzu kafintoci na aiki da ita sosai. Ni ina ganin an raina malaina fiye da kima, in ta bushe sosai ba ta cika motsi ba kuma tana karɓar fenti, aibinta ɗaya tana riƙe ruwa ta daɗe ba ta bushe ba, waje ya yi kamar ya bushe ciki kuwa jiƙe.

A masu nauyi akwai iroko, wanda Hausa ke ce wa loko, 'yan Gana odum, wajen Kwango kambala. Nauyinsa wajen kilo 650 a kibik mita, gara ba ta cika kusantar zuciyarsa ba, shi ne na ƙofa da firem da taga in aljihu zai ɗauka. Turawa kan ce masa tik na Afirka amma ba dangin tik ba ne ko kaɗan, tik na gaske daga Asiya aka kawo shi, akwai gonarsa a dajin Nimbiya a kudancin Kaduna. Afa shi ne kawo namu. Eki shi ne wanda ya fi kowa nauyi, yana nutsewa a ruwa, ƙusa ba ta shigarsa sai an huda, da shi ake shimfiɗar layin dogo da gadoji, ɗan'uwan namijin kaɗanya ne da muke da shi a dazukan arewa.

Mahogani kuma nan ne ake yi wa mutane rufa-ido. Asalin mahogani bishiyar yankin tsakiyar Amurka ce da tsibiran Karibiyan, da Turawa suka zo Afirka suka ga danginta sai suka laƙa musu sunan. Maɗacinmu ɗaya ne daga cikinsu, akwai 'yan'uwansa na kurmi da suka fi shi girma da sauƙin aiki, akwai kuma safele wanda sunan garin Sapele na jihar Delta ya bi shi, garin da kamfanin African Timber and Plywood ya kafa babbar masana'antar katako da filawud tun zamanin Turawa. Har darbejiya ma gidansu ɗaya da maɗaci. Toh amma a kasuwa duk katakon da ya yi ja sai a ce mahogani. Ni kaina a farkon shigata an taɓa turo min lodi daga wani dila da na yarda da shi, an ce mahogani ne, na sayar wa wani bawan Allah ya yi ƙofofin gidansa, ba a rufa shekara ba ya kira ni na je na ga gari na zuba daga jikin firem, da na kankare sai ga maje an shafa masa kala. Na biya shi kuɗinsa amma abin ya daɗe yana damuna, domin da sunana ya saya ba da sunan dilan ba. Tun daga ranar ba na karɓar katako sai na sa an goge min gefe ɗaya na ga cikinsa, na ɗaga na ji nauyi, na sansana. Maje ba mugun itace ba ne, yana da inda yake amfani, haka doka, laifin a sayar da shi da sunan wani ne.

Ko a bishiya ɗaya ma akwai zuciya akwai farin gefe. Zuciyar ita ce ta tsakiya mai duhu, ta daina aiki bishiyar ta tara mata sinadaran da ƙwari ba sa so, farin gefen kuma shi ne na kusa da ɓawo inda ruwa ke bi, akwai abinci a cikinsa. Duk jurewar da ake yabon iroko ko maɗaci da ita ta zuciyar ce. In ka ga katakon iroko da farin layi a gefe toh wannan farin abincin ƙwaro ne kamar kowane obece. Kakanninmu sun san wannan tun kafin a zo da boko, masassaƙi in zai yi turmi zuciyar ƙirya yake nema, magini kuma in zai yi azara yakan zaɓi giginya da ta tsufa ya ɗauki baƙin gefenta mai tauri ya bar tsakiyar, domin ita giginya akasin sauran ce, ƙarfinta a waje yake cikinta laushi. Je ka dubi tsofaffin soraye a cikin birnin Kano ko Zariya ka ga azarar da ta girmi kakan mai gidan tana nan.

Sai bushewa, wadda a ganina ta fi duk sauran muhimmanci ga mu 'yan arewa, kuma ita ce ba a rubutawa a takardar kafinta. Turawa na cewa sizinin, mu mu ce ɗanye da busasshe. Ana auna ruwan jikin katako da kaso cikin 100 na nauyinsa in ya bushe ƙarau, katakon da ya yi kilo 15 aka gasa shi ya koma 10 ruwansa kashi 50 ke nan, sabon yanka yana iya wuce kashi 100 ma, wato ruwan ya fi itacen nauyi. Daga farko ruwan da ke fita ba ya canza girman katako, sai ya sauko wajen kashi 30 sannan yake fara motsewa, kuma ba ya tsayawa sai ya daidaita da iskar wurin da yake. Ka ga inda tamu ta bambanta. A Sapele ko Benin inda iska ke da laima katako zai tsaya wajen kashi 16 zuwa 18 a ce ya bushe, kuma da gaske ya bushe a can. A ɗoro shi a tirela a kawo Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya haɗu da hunturu, iskar da za ta ja shi ƙasa da kashi 6, sai ya ci gaba da motsewa a jikin ƙofarka. Falanki mai inci 12 yana iya rasa kusan rabin inci a faɗi. Shi ne za ka ga ƙofa ta buɗe baki a watan Janairu har kana hango tsakar gida, damina ta zo a Agusta ta kumbura ta ƙi rufuwa, a yi ta zagin kafinta alhali tun a kasuwa aka yi kuskuren.

Kuma ba ya motsewa daidai ta ko'ina. A tsawo kusan babu, a faɗi kuwa in an yanka shi a kwance bin zoben bishiya yana motsewa kusan ninki biyu na wanda aka yanka daga ɓawo zuwa tsakiya. Wannan bambancin ne ke sa falanki ya lanƙwashe kamar kwami, wani ya yi baka, wani ya murɗe, wani bakinsa ya tsage. Wanda aka yanka ta hanya ta biyun shi ake kira kwata-son, ya fi zama lafiya amma ya fi ɓarnar gungume don haka ba ka cika samunsa a kasuwa ba sai ka sa an yi maka. In ka ga KD a takarda yana nufin an busar a ɗakin gashi na musamman, AD kuma iska ce ta busar. Kai abin da za ka yi mai sauƙi ne, ka sayi katakonka da wuri ko da sati 4 zuwa 6 ne kafin aiki, na ƙofa da kujera ya fi haka, a jera shi a inuwa ba a rana ba, a ɗaga shi daga ƙasa, tsakanin kowane layi a sa 'yan sanduna masu kauri ɗaya a jere saitin juna don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama. In ka jingina shi a bango a rana kwana 3 ya isa ya zama baka. Akwai ɗan na'urar gwada ruwa mai ƙusoshi biyu, in da gaske kake za ka shiga sana'ar ka saye ta tun kafin ka kama shago.

Sunayen da ke takardarka na rufi kuwa sunayen aiki ne ba na katako ba. Wol-filet shi ne wanda ke kwanciya a kan bango a ɗaure shi da rodi ko ƙarfen ɗauri, a nan iska ke fara gwada rufi, ka tsaya da kanka ka ga an ɗaure shi. Tai-bim shi ne dogon da ke ratsa ɗaki daga bango zuwa bango ya hana rufin buɗewa, galibi tu-bai-sikis. Kin-fos na tsaye a tsakiya, rafta masu gangarowa, sitirot masu tokare su. Falin su ne ake jerawa a kan rafta a buga kwano a kansu, yawanci tu-bai-tiri, in kwanon mai yashi-yashi ne irin su Gerard ana jera su kusa-kusa don haka za su ci guda da yawa. Nogin tu-bai-tu ne na riƙe silin. Fesha-bod shi ne falankin da ke zagaye bakin rufi, shi ke shan rana da ruwa, kar ka yi masa rowa. In kana zaɓa ka guji mai babban ido a tsakiya, wato gurbin da reshe ya fito, musamman wanda ya yi baƙi yana motsi, nan rafta ke karyewa, ka guji mai ɓawo a kusurwa da wanda jijiyarsa ta karkace ba ta bi tsawonsa ba.

Maganin gara, abin da aka fi sani Solignum ne, har sunan ya zama na duk wani maganin katako. Mutane da yawa baƙin mai suke shafawa don araha, yana ɗan taimakawa amma ba magani ba ne kuma a fatar katakon yake tsayawa. Wanda ake kira tiritad na gaske a cikin tukunyar ƙarfe ake matsa maganin da ƙarfin iska ya shige ciki, irin na falwayar lantarki, wani ya fito kore-kore wani baƙi mai warin kwalta, kuma irin wannan ba a girki da guntayensa, akwai guba a hayaƙin. In shafawa za ku yi a shafa bayan an yanka, a cika bakin da aka yanke, kuma ɗanyen katako ba ya shan magani.

Filawud da danginsa ba zan daɗe a kansu ba. Faranti ɗaya ƙafa 4 ne da ƙafa 8, kauri kuma da milimita ko kwata da rabi da kwata 3 na inci. Filawud siraran yanka ne aka manna kowanne ya gitta na ƙasansa shi ya sa adadinsu ke zama mara, 3 ko 5 ko 7. MDF da HDF garin itace ne da gam aka danne, suna da santsi amma ruwa ya taɓa MDF ya kumbura ya gama. Abin da ake ce wa marin bod a wajen zuba dakin na bene, mai baƙar fuska, filawud ne da aka rufe fuskarsa don kankare, ba shi ne ainihin na jirgin ruwa ba. In ka tsallaka Nijar, a kasuwar Katako ta Yamai ko a Maraɗi da Damagaram, awon ya koma santimita da mita, sunayen kuma na Faransanci, shebron a madadin su tu-bai-tiri, kwantar-filake a madadin filawud, buwa ruj da buwa bulan su ne jan katako da fari.

Tunda ka ambaci jari bari in faɗa maka kalmomin hukuma don kar ka sa kuɗinka a abin da za a kama. A Najeriya daji a hannun jihohi yake, kowace jiha da dokarta da kuɗin da take karɓa a kan bishiya kafin a sare. Akwai famit na sara, akwai takardar ɗauko kaya, akwai kuma hama, wata guduma ce mai lamba da malamin daji ke bugawa a bakin gungume ko katako alamar an biya an duba. Lodin da ba hama ba takarda ko an ba ka shi rabin kuɗi ka bar shi. Filic kuma shi ne katakon da aka tsaga da censo a cikin daji aka fito da shi a kafaɗa, jihohi da yawa ba su yarda da shi ba sai da izini na musamman.

Sannan akwai CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu. Wannan ta shafe mu kai tsaye saboda maɗobiya. Maɗobiyar da muka sani, wadda makiyaya ke sassabe wa shanu ganyenta da rani, ita ce 'yan kasuwa ke kira koso, a Taraba su ce madrid, a Sin kuma tana cikin itatuwan da suke kira hongmu na kujerun alfarma. Cikin 'yan shekaru aka yi mata wawaso, wanda ya bi hanyar Bali da Garba Chede a jihar Taraba a lokacin ya ga yadda aka tara gungumenta a bakin titi kamar ba za ta ƙare ba, ni na gani da idona kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake, domin bishiya ce mai jinkirin girma, abin da aka kwashe a shekara 5 jikokinmu ma ba lallai su ga madadinsa ba, kuma mutanen ƙauyukan da aka sare a gonakinsu ba su samu komai ba sai na cefane. A taron Johannesburg na 2016 aka sa ta a rukuni na 2 na yarjejeniyar, a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya, sannan a taron Panama na 2022 aka ƙara da maɗaci da kawo da sauran danginsu na Afirka. Rukuni na 2 ba yana nufin haramun ne ka yi ƙofa da maɗaci a gidanka ba, yana nufin ba a fitar da shi ƙetare sai da takardar izini da ke nuna saran bai cutar da dajin ba. Duk wanda ya zo maka da maganar ku haɗa kuɗi ku cika kwantena da koso akwai riba ninki, ka ce masa ya fara nuna maka wannan takardar, ka kuma kai ta ma'aikatar muhalli ta tarayya a tabbatar maka kafin ka fitar da ko sisi.